Ordinatar da na koya wa cewa "lafiya lau"

Ba zan taɓa mantawa da ranar rubuta sunayen masu karɓar irin gero ba. Shekarar da makarantu suka yi ta yajin aiki ce, Madam Rabi, malamar lise (babbar sakandare), ta rasa abin yi, ta tara mu matan unguwar Zariya tana koya mana ordinatar, wato kwamfuta. Ni da na bar boko a aji huɗu na kwaleji, sai ga ni ina rubuta ɗan program, wato umarnin da na'ura ke bi, na ajiye wa ƙungiyarmu ta mata sunayen masu karɓar iri (maigidana har ya fara kirana Injiniya).

Madam ta koya mana tarkon kuskure. Ta ce kowane kuskure da nasa tarkon: na disket, faifan ajiyar bayanai, daban, na suna mara lamba daban. Wanda ba ki iya gyarawa, ki rubuta shi, ki miƙa shi sama a gani.

To ni jan rubutun nan da ke faɗowa a allo kamar tsawa in an yi kuskure ne ba na so. Na ce tsofaffi za su taso tun daga ƙauyukan Jiratawa da Tsibiri, na'ura kuma ta hantare su? Sai na ɗana tarko guda babba mai kama kowane kuskure, na sa ya riƙa amsawa: "Alhamdu lillahi, lafiya lau."

Ranar, mata suka cika zaure. Kowacce na rubuta sunanta, allo ya ce lafiya lau. Wata tsohuwa, Inna Tsahara, da aka karanta mata, ta ce, "Kai, wannan ƙarfe ya fi jikokina ladabi."

Da la'asar shugabar ƙungiya ta ce, "Fiddo mana sunayen, gobe za a raba iri, wanda ba ya ciki ba shi da rabo."

Na danna. Fari fat, ko suna ɗaya babu. Madam ta sunkuya, ta ɗago.

"Ina disket ɗin, 'yar uwa?"

Yana cikin jakata, naɗe da tasbaha (wai kada zafi ya taɓa shi). Tun safe na'ura ke kukan ba ta da wurin ajiya, ni na toshe mata baki.

Kafin azahar ta washegari na zagaye Jiratawa da Tsibiri a kan kabu-kabu, gida gida, da littafi da biro. Alhamdu lillahi, ba wadda ta rasa iri. Inna Tsahara ta tarbe ni da fura: "Ya mai ladabin naki?"

Na ce, "Lafiya lau, Inna." Muka kwashe da dariya.

Tun ranar, ko yarana suka ce min lafiya lau, sai na taɓa goshinsu.