Daren da Na Ƙwace Wayar Surukata

Ba zan taɓa mantawa da daren da na tsaya gaban surukata riƙe da leda, ina jira ta saka wayarta a ciki ba. Har yau in na tuna sai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Hajiya ta zo mana Manchester ne daga Kano saboda jegon matata, Maryam. Ta yi watanni a ɗan gidanmu na unguwar Rusholme, kullum tana bakin taga tana kallon motoci da yayyafi. Ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba (tsakanina da ita gaisuwa ce kawai, ina durƙushe, idona a ƙasa), amma ina jiyo ta daga kicin tana ce wa 'yarta, "Wannan ƙasa taku ko sama ba ta da ita. Tun da na zo ban ga tauraro ko ɗaya ba. In na koma, na koma ke nan." Mu kuwa duk fatanmu ta sake dawowa in Maryam za ta koma karatu, don ba mu da wanda za mu bar wa jaririnmu, Hanif. Ga shi jibi za ta hau jirgi.

Ana haka sai na ga labari a waya: wai daren nan hasken arewa, wato hasken nan kore da ja da ke fitowa a samaniyar ƙasashen ƙanƙara, zai sauko har Ingila. Kan labarin kawai na karanta. Ni da nake digiri na uku, kullum ina yi wa ɗalibai faɗan su riƙa karanta abu har ƙarshe! Na miƙe na ce yau Hajiya za ta ga sama.

An yi sa'a Yaya Sani, wan Maryam, ya taso daga Birmingham da motarsa don yin sallama da mahaifiyarsa. Bayan isha'i muka naɗe jariri kamar alkaki, muka fita bayan gari, kan wani tudu inda babu fitilu.

To, ni ina da wani wa'azi da na daɗe ina damun mutane da shi: waya ta hana ɗan Adam kallon duniya. Muna fitowa daga mota na zaro leda na gyara murya. Na ce ayar Allah muka zo gani, da ido za mu gan ta, kowa ya kawo wayarsa.

Yaya Sani ya ce, "Kai, are you serious? Har da ta Hajiya?"

Na ce doka ba ta da babba. (Allah Ya yafe mini.) Hajiya ta dube ni, ta dubi ledar, ta jefa 'yar ƙaramar wayarta mai maɓallai a ciki. Na kulle ledar a but ɗin mota, muka hau tudu.

Muka tsaya. Sanyi ya fara shiga ƙashi. Abin da ke sama bai wuce wani fari-farin abu kamar hayaƙin murhu ba. A gefenmu kuwa Turawa ne cike, kowa ya ɗaga waya sama yana ihun murna. Na girgiza kai na ce da ƙarfi, yadda Hajiya za ta ji, "Ku dube su, bayin Allah. Sun zo har nan suna kallon gilashi."

Yaya Sani yana rawar ɗari ya ce, "Malam, wannan ai cloud ne. Mu ma muna da shi a unguwarmu ta Sparkhill, free of charge."

Maryam ta matso ta raɗa mini, "Abban Hanif, mu tafi gida kafin abin ya ƙara lalacewa." Na fito da tsohuwa cikin sanyi don in nuna mata gajimare.

A nan ne na hango hasken waya a cikinmu. Ban tsaya duba ko waye ba, na daka tsawa, "Wa ya karya doka?"

Hajiya ce. Ashe babbar wayarta tana cikin hijabi tun ɗazu, ta kiran 'yan gida kawai ta ba ni. Ni ne yau na yi wa surukata tsawa, ni da ko ruwa ban taɓa sha a gabanta ba. Ba ta ko kalle ni ba. Ta ce wa Maryam, "Faɗa wa mijinki hoto zan ɗauka, in nuna wa babanku dajin da aka kawo ni."

Ta ɗaga wayar ta danna. Sai ta saki salati.

Muka rufu a kanta. A fuskar wayar sama ta yi jawur, ƙasanta kore shar, da layuka tsaye kamar labule. Yaya Sani ya karɓa ya nemo labarin nan nawa, ya karanta mana sauran da babbar murya: a nan Ingila sau da yawa kyamara ce ke fara ganin hasken kafin ido. Ya ce, "Paragraph na biyu fa, Dokta."

Ban tsaya jin sauran maganarsa ba. Na tattare jallabiya na ruga gangare ɗauko leda, takalmina ɗaya ya maƙale a taɓo, ban waiwaye shi ba. Ina hawowa ina haki sai na ji tudun gaba ɗaya ya ɗauki ihu. Na ɗaga kai. Hasken ya ƙaru, ya buɗe a kanmu, ja da kore da shuɗi, yana motsi a hankali, ido na ganinsa sarai ba sai da waya ba. Wallahi sai da na yi hawaye. Ledar tana hannuna, babu wanda ya tuna da ita.

Hajiya ta daɗe kanta a sama tana tasbihi. Can ta juyo, a karo na farko tun zuwanta ta yi mini magana kai tsaye: "Abban Hanif, ashe kuna da sama. Ungo, ɗauke ni da ita." Na ɗauke ta hoto, ina tsaye da ƙafa ɗaya a safa. Muna gangarowa na ji tana tambayar Maryam, "Wane wata kika ce za ki koma makarantar?"

Ta dawo kuwa, ta riƙe mana Hanif har Maryam ta gama. Na ji labarin a Kano babu gidan bikin da ba ta nuna hoton nan ba, tana cewa surukinta ne ya kai ta. Zancen leda ba ta taɓa yi wa kowa ba, Yaya Sani ne ya ɗauki wannan aikin.

Ni dai yanzu ko takardar magani ce sai na karanta ta har ƙasa kafin in buɗe baki. Kuma na gane duk dokar da zan kafa a gidana, Hajiya tana da wata wayar a cikin hijabi, alhamdu lillahi.