Motar Waya da Goron Laminu

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so, da ranar ɗaurin auren Laminu. In ma na manta, akwai mutanen Malbaza da suka ɗauki aikin tuna mini kyauta.

Laminu ɗan kawuna ne, tare muka tashi, tare muka yi lakwal, wato makarantar boko. Lokacin da aka sa ranar aurensa da wata yarinya ta Badagishiri, ban daɗe da dawowa daga Maroko ba. Buronmu, wato ofishin da nake aiki, shi ne ya tura ni wani ɗan horo na sati biyu (sati biyu fa, amma da ka ji bakina sai ka rantse can aka yanke mini cibiya).

Kafin mu dawo aka kai mu wani katafaren wurin shaƙatawa, gari guda ne da kansa: otal-otal, wuraren wanka, da wani lilo mai kama da ƙafar keke wanda ke ɗaga mutum sama har ya tuna zunubansa. Saboda girman wurin, akwai kar-kar, wato motocin bas, na kyauta masu zagayawa daga otal zuwa ƙofofi, sai dai ka tsaya layi ka jira, ka shiga ka matsu da jama'a. Wani abokin horo ya koya mini dabara. Ka latsa waya, mota ta zo ta ɗauke ka kai kaɗai, cikin sanyi, in ka sauka ka ba direba taurari gwargwadon yadda ya kyautata maka. Sau biyu na hau. Sau biyun nan suka lalata ni.

Na dawo gida na zama mai wa'azin motar waya. Duk fadar da na zauna shan shayi sai na kawo zancen. Na ce shiga kar ci baya ne. Na ce mu nan lokacinmu ba shi da daraja, shi ya sa muke zama tasha muna jiran mota ta cika. Na faɗi haka a gaban mutanen da suka yi shekara talatin suna jiran mota ta cika, kuma suka gina gidaje, ni kuwa har lokacin a ɗakin soron gidanmu nake kwana.

Ranar ɗaurin aure Kawu Garba, mahaifin Laminu, ya yi shatar kar guda don ƴan rakiya. Na fito cikin shadda shuɗiya mai duhu, sabuwa dal, tana ƙara in na motsa. Jama'a sun riga sun shiga. Gwaggo Hajo, yayar Kawu, wadda bakinta ba ya da birki, ta kama kujerar taga.

Kawu ya ce, "Kai muke jira, shigo mu tahi, rana na yi."

Na ce, "Ku yi gaba Kawu, ni mota za ta zo ta ɗauke ni."

"Wace mota? Wa ya ba ka mota?"

"Ta waya ce."

Na zaro wayar na latsa a gabansu. Allah shaida, a raina ina tsoron kada ta ce babu. Sai ga shi wani direba ya amsa! Ga hotonsa, ga ƴar mota fara tana rarrafe a kan taswira, an rubuta saura ƴan mintoci. Na ɗaga wayar sama na zagaya da ita taga-taga kamar mai tallan magani. Na ce, "Kun gani? Har nan ci gaba ya iso, ku ne ba ku sani ba." Na ƙara da bayanin taurarin, ba wanda ya tambaye ni.

Da na tsaya nan da da sauƙi. Sai idona ya faɗa kan buhun goron ɗaurin aure da ake shirin ɗorawa saman kar. Na ce bai kamata goron mutunci ya sha rana ba, a ba ni ya tafi cikin sanyi, ai ma zan riga su isa.

Gwaggo Hajo ta leƙo ta taga ta ce, "Garba, kada ka ba yaron ga goron mutane."

Laminu ya ce, "Haba Gwaggo, ai ya san abin da yake yi."

(Laminu, in kana karanta wannan, ka yafe mini.)

Aka sauke mini buhu. Kar ta tashi, na ɗaga musu hannu irin na manya, da yatsu biyu.

Ba a jima ba waya ta yi ƙara. Direba ne, da Faransancinsa mai gauraye da Larabci. Ya ce ya iso, yana gaban otal, daidai babban lilon, ina nake?

Na duba dama, na duba hagu. Jaki guda, mai shayi guda, sai wata kamiyo, babbar motar ɗaukar siminti.

Na ce, "Ina Malbaza."

Ya ce, "Wace ƙofa ce Malbaza? Ta arewa ko ta kudu?"

Na sake duba wayar. Ashe tun ranar da na baro can na kashe abin da ke nuna wa waya inda mutum yake, don kada ya sha mini caji. Ita baiwar Allah a saninta har yanzu ina Maroko. Taswirar da na yi ta nuna wa mutane, da na dube ta da kyau, har da teku a gefe. Teku, a Malbaza! Na yi wa direba bayani da ƙaramar murya. Ya faɗi wata magana da Larabci, wadda na tabbata ba addu'a ba ce, ya kashe.

Na kinkimi buhu na nufi tasha. Ranar kasuwar Badagishiri ce, duk wata mota mai ƙafa huɗu ta cika ta tafi tun da safe. Ƴan kabu-kabu masu babur suka dubi buhun, suka dubi nisan, suka ce in nemi wani. Laminu ya kira, na ce ina hanya. Ya sake kira ya ce sun isa, liman ya zauna, dangin amarya sun cika ƙofar masallaci, na ce ai ina kusa. A karo na uku ban ɗauka ba.

Kamiyon nan ta siminti ita ta rage. Birnin Tawa za ta, kuma hanyarta ta ratsa Badagishiri. Direban ya ce gaba ba wuri, ya ɗauki wata tsohuwa mara lafiya da ɗiyarta, amma in ina iya hawa bisa kaya, bisimilla. Na hau. Na zauna kan buhunan siminti na rungume goron Laminu kamar jariri.

Wanda bai taɓa tafiya bisa siminti ba, ba zai gane ba. Duk ramin da taya ta faɗa, sai buhunan su yi numfashi, wani toka-toka ya taso ya lulluɓe ka. Ga gumi. Gumi da siminti kuwa kowa ya san abin da suke haɗuwa su zama. Kafin mu wuce Tsarnawa shaddata ta daina ƙara, gashin girata ya fara ƙamewa.

Da muka shiga gari na bubbuga ƙarfe don ya sauke ni daga nesa, in lallaɓa in wanke fuska. Shi kuwa bawan Allah, don ya kyautata mini, ya tambayi inda ake ɗaurin aure, ya kai ni har ƙofar masallacin, ya danna oda mai tsawo don kowa ya san goro ya iso.

Kowa ya sani kuwa. Jama'a jingim kan tabarmi, duk suka ɗaga kai. Na miƙe a saman kaya, fari fat tun daga hula har takalmi, ido biyu kawai ke motsi. Wata ƙaramar yarinya ta kurma ihu ta ruga cikin gida. Na fara saukowa da baya, ƙafata na laluben taya, sai na ji wandon shadda ya yi wata magana daga baya, doguwa.

Sai wani dattijo daga dangin amarya ya juya wajen Kawu cikin natsuwa ya ce, "Alhaji, wagga ita ce motar wayar da aka ce muna jira?"

Daga can bayan zana, inda mata suke, muryar Gwaggo Hajo ta taso: "Ku tambaye shi tauraro nawa zai ba direban!"

Har liman sai da ya rufe baki da gefen rawani, kafaɗunsa na rawa.

Na ajiye buhun gaban Kawu na durƙusa. Ya dube ni ya dubi buhun, ya ce, "Sannu da hanya. Kai shi daga gefe." A lokacin na lura kowa na tauna. Da jira ya yi yawa, Kawu ya aika kasuwa an sayo wani goron, an ɗaura aure, an shafa fatiha. Zaman da na tarar, na jiran abinci ne. Na ci siminti a banza.

Da yamma na shiga kar tare da kowa, ɗaure da zanen da wata tsohuwa ta ara mini don rufe yagar wandon. Ba wanda ya yarda ya zauna kusa da ni, don haka dai a ƙarshe na samu kujera ni kaɗai.

Abin da na koya shi ne, kafin ka gaya wa mutane inda duniya ta kai, ka fara duba inda kai kake tsaye. Dangi ma sun koyi nasu darasin. A bikin da aka yi bayan wannan, da aka zo rabon ayyuka, Kawu ya daɗe yana kallona, sannan ya ce ni zan tsare takalman baƙi a ƙofar masallaci, tunda wannan aikin ba ya buƙatar mota.