Alkunyar da Ta Cinye Aikin Abba

Ko na so in manta, ba zan taɓa mantawa da ranar da malaman jami'a suka kira ni don su karrama ni, na buɗe baki na rushe aikin ɗana ba. Da maƙiyi ne ya yi mana, da na san inda zan kai ƙara. To ni ne, cikin sabuwar shadda, ina murmushi.

Ni ɗan kamasho ne a tashar manyan motoci ta Maigatari. Aikina in haɗa mai kaya da mai mota, in tsaya a yi lodi, in sha rana. Asalinmu mutanen ruga ne a ƙasar Sule Tankarkar, shanu suka ƙare muka shigo gari. Boko kuwa, firamare ma ban ga ƙarshenta ba. Abba shi ne ɗana na fari, kuma sunan mahaifina aka sa masa, saboda haka ban taɓa kiran sunansa na yanka ba. (Abban ma a rubutu nake iya faɗa. A gida "kai" ne, ko "yaron nan".) Mu haka muka tashi. Uba ba ya yabon ɗan fari a gaban mutane. In aka yabe shi kana wurin, sai ka kushe shi, masu yabon su ce, "A'a Malam, ai yaro ya yi ƙoƙari," kai kuma ka sunkuyar da kai, a tashi kowa da mutuncinsa. Kowa ya san abin da zai faɗa.

Abba lissafi da kwamfuta ya karanta. A shekarar ƙarshe, an ce kowane ɗalibi sai ya zaɓi wata matsala ya yi bincike a kanta, ya rubuta littafi, sannan ya tsaya gaban malamai ya kare shi. Ya zo hutu duk ya rame. Abin da ya fara kaiwa, malamar da ke duba aikinsa, wata Dakta, ta ce an yi shi har an gaji. Abokansa duk sun samu nasu. Wani yana lissafin yadda cuta ke yaɗuwa a gari, wata tana koya wa kwamfuta gane ganyen gero mai ciwo daga hoto. Shi kuwa sai zaman benci a tasha kusa da ni, ba na ce masa, ba ya ce min.

Ran wata Alhamis, kasuwa ta watse, Ilu, wani direba ɗan Damagaram, yana ta zage-zage don ya sauke kaya zai tafi Gumel wayam. Abba ya dube ni ya ce, "Baba, kullum haka motoci ke tafiya ba kaya?"

Na ce, "Tun kafin a haife ka. Wata ta fita wayam, wata ta shigo wayam, su yi wa juna hon a hanya."

Shi ke nan ya samu abin bincike. Yadda za a tsara zirga-zirgar motocin kaya tsakanin Maigatari da Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar, kada mota ta koma ba kaya, kada a ƙona mai a banza. Ya taɓa gwada yi min bayani, wai kowane gari ƙulli ne, kowace hanya zare ce, kwamfuta ce za ta nemo zaren da ya fi sauƙi. Na ce to. Ya bi direbobi yana tambaya, ni ma na gaya masa hanyoyin da ruwa ke yankewa da damina da waɗanda yashi ke riƙe mota. Direbobi suka sa masa Injiniya. Ilu yakan ce, "Injiniya, tambayo mana kwamfutarka, in mun kafe za ta fito ta tura?"

Yaron ya wahala, wannan ni shaida ne. Abinci sai uwarsa ta yi masa faɗa yake ci. Da ya gama, sai ya tura aikin wajen Sabi'u, mai shagon kwamfuta a Gumel, don ya buga masa a takarda ya yi masa bango. Ni na je karɓowa a babur. Na tarar janareto ya mutu, Sabi'u yana ta jan igiya, gumi har ƙafa. Na ce a raina, wannan bawan Allah ma ya sha wuya.

Ana nan sai uwarsa ta gaya min wata magana (irin wannan ta bakinta nake ji, shi ba zai iya tunkarata da irin wannan magana ba). Wai Dakta ta yi wa wani babba a kamfanin jigilar kaya na Kano bayanin aikin, mutumin ya ce irin yaron da suke nema ke nan. Zai zo ya zauna ranar kare binciken, in ya gamsu, Abba na gama bautar ƙasa aiki na jiransa. Na ce Allah ya sa. Amma tun daga ranar, duk lodin da na tsaya a kai sai in ji kamar shi ne na ƙarshe. Gwiwoyina sun gaji da tasha, ga ƙannensa a baya.

Ba wanda ya gayyace ni. Uwarsa ce ta ce bai kamata a ce ba kowa nasa a wurin ba. Na hau motar riɗi na tafi jami'ar.

Na samu wuri a baranda na rakuɓe kusa da taga. Ciki malamai ne a jere, a tsakiyarsu wani dattijon Farfesa da aka ɗauko daga wata jami'ar. Can gefe mutumin Kano da babbar riga. Abba yana tsaye cikin kwat ta aro, yana nuna taswira a bango, yana zuba Turanci. Ban gane komai ba sai sunayen garuruwanmu. Suka yi ta jefa masa tambaya yana amsawa. Can sai na ji tafi.

Dakta ta leƙo ta ce, "Baba, kai ne mahaifin Usmanu?"

Sunan yanka na Abba ke nan, sunan mahaifina, ta kira kai tsaye. Na ce, "Haka ake cewa."

Ta yi dariya ta ce an tambaye shi inda ya samu labarin hanyoyi, ya ce wajen mahaifinsa, kuma ga shi nan a waje. Farfesa na so mu gaisa.

Na tuɓe takalmi a bakin ƙofa, na shiga da shi a hannu na ajiye a gefe. Ɗalibai suka yi ƴar dariya, Farfesa ya ce da Hausarsa tas, "Malam, sa takalminka, ba masallaci ba ne. Allah ya ba ka ɗa. Na daɗe ban ga aikin ɗalibi irin wannan ba."

To, a nan ne fa. Babban mutum ya yabi ɗan fari a gabana, cikin taro. Bakina bai ma jira ni ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan? Ai ba abin da ya iya. Barci ne da danna waya. Aikin mutane ne kawai, Allah ya rufa masa asiri."

Na sunkuyar da kai ina jiran a ce, "A'a Malam." Shiru. Na ɗago na ga kowa ni yake kallo. Sai na ɗauka ban kushe shi sosai ba, kar a ce Bafillacen nan yana ji da ɗansa. (Ku ji hankali.) Na ƙara da cewa, "In ma yabo ne, Sabi'u za a yaba wa. Duk shi ya sha wahalar."

Farfesa ya cire tabarau ya ce, "Wane ne Sabi'u?"

Na ce, "Mai shagon kwamfuta ne a Gumel. Duk ɗaliban wajenmu shi suke kai wa aikinsu. Ni da kaina na je na karɓo wannan littafin a hannunsa, na sallame shi."

Abba ya ce, "Baba, bugawa kawai ya yi."

Na juya na ce, "Yi min shiru, manya na magana."

Wannan kalmar ita ce har yau take hana ni cin tuwo da daɗi. Yaro yana neman ceton kansa, na toshe masa baki don in nuna na iya tarbiyya.

Farfesa ya rufe littafin a hankali. Suka koma Turanci ƙasa-ƙasa. Mutumin Kano ya ciro waya yana dubawa. Dakta ta ce in biyo ta waje, muna fita ta ce, "Baba, ka san abin da ka faɗa kuwa?"

Na ce, "Alkunya ce, Hajiya. Ɗan fari ne."

Ta dafe kai. Ta ce akwai ɗaliban da ke biyan masu shago su rubuta musu bincike, kuma laifi ne da ake korar mutum a kansa. Ta ce ita ta san aikin Abba ne, a gabanta aka yi, amma uba ya tsaya gaban baƙon Farfesa ya ambaci suna da gari da biya, ba yadda za a yi a share. Dole a bincika.

Sai a nan na gane ɓarnar da na yi. Na koma bakin ƙofa ina rantsuwa, ina cewa a kawo Alƙur'ani, wani malami ya ce in yi haƙuri akwai sauran ɗalibai. Sai a lokacin na tuna ban ma sa takalmina ba, yana ciki, dole wata ɗaliba ta miƙo min ta taga. Da mutumin Kano ya fito na riƙe hannun rigarsa, na ce, "Alhaji, wallahi yaron nan ya iya. Ya fi kowa." Karon farko ke nan a rayuwata da na yabe shi, kuma a banza. Ya zare hannunsa a hankali ya ce, "Ba komai Baba, za mu yi waya."

Mota ɗaya muka shigo da Abba. Na so ya yi fushi, ya ɗaga min murya, ko da zan mare shi daga baya. Bai yi ba. Da muka tsaya a Gumel ya sauka ya sayo ruwa ya miƙo min ya ce, "Baba, ka sha, tun safe ba ka sha komai ba."

An riƙe sakamakonsa. Aka kafa kwamiti, aka kira Sabi'u, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Aka sa Abba a ɗaki ba waya, ya sake gina abin a gabansu. Ya yi, aka wanke shi. Amma kafin nan abokansa sun tafi bautar ƙasa, kamfanin kuma ya ɗauki wani. Wayar Alhajin har yau ba ta shigo ba.

Uwarsa abu ɗaya ta ce: "Na tura ka ka tsaya masa, ka je ka tsaya a kansa." A tasha kuwa ba a magana. Ilu in ya hango ni sai ya ce, "Kamasho, don Allah ranar da za a yi min shaida kar ka zo."

Yanzu Abba ya gama bautar ƙasa, yana gyaran waya a wata rumfa a bakin kasuwa, yana ta neman aiki. Ni kuma ina nan a kan lodi. Kwanan baya wani kamfani ya kira shi ganawa a Kano. Na sa hula na ce bari in raka shi ko da bakin mota ne. Ya durƙusa ya ce, "Baba, ka huta, rana ta yi zafi." Lokacin ko gari bai gama wayewa ba. Na cire hular na zauna.

Abin da na koya da tsufana shi ne, in ka je inda ba ka san yadda suke yi ba, aka yabi ɗanka, ka ce "na gode" ka kama bakinka. Kalma biyu ce. Na haddace ta tsaf, sai dai ban ga alamar za a sake kira na in faɗe ta ba.