Wazirin Ƙanƙara na Shajara

A shekarar da soja suka karɓi mulki unguwar Shajara ta yi sa'ar samun Ustaz Muhajir, magatakarda a wata ma'aikata a Khartum, mutumin da ko atishawa da Larabcin littafi yake yi. A wancan zamanin kowa a tsakar gida yake ajiye gadonsa na igiya, iskar Allah kyauta. Ustaz ya ce wannan ɗabi'ar ƙauye ce, ba ta dace da mai neman shugabancin kwamitin unguwa ba. Ya yi gini dab da Farin Nilu, ya toshe tagogi, ya kafa mukayyif huɗu, na'urar nan mai huro iska ta cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa. Unguwa ta naɗa shi Wazirin Ƙanƙara, ya karɓa hannu bibbiyu.

Da bazara abin sai wanda ya gani. Damina na sauka iska ta yi nauyi da laima, mukayyif kuwa ba abin da ya iya sai ƙara mata ruwa. Bango ya dinga gumi, kwat ɗin Ustaz ta yi hunhuna. Babban mutum ba ya ja da baya: ya sayo hita a kasuwar Suk al-Arabi don ta busar da ɗaki. Gidansa ya zama na farko a Sudan da ke biyan wutar sanyi da ta zafi lokaci guda.

"Ya Haj," in ji matarsa Karima, "albashi duk ya tafi a wuta. Mu buɗe taga mana."

"Taga ta talaka ce, ya Karima. Wayewa da tsadarta take zuwa."

Ranar Juma'a ya gayyaci kanar ɗin da ke rabon muƙamai cin abincin rana. Kanar ya tsallako kududdufin da mukayyif huɗu suka tara a ƙofa, ya zauna a kujera mai danshi, tabaransa ya yi hazo.

"Ranka ya daɗe, nan Turai ce a bakin Nilu," in ji Ustaz. "Karima, a ƙara wa injin ruwa!"

Kanar ya share wuya, ya mari sauro a kumatu, ya ce lalle za a tuna da shi.

An kuwa tuna. Shugabanci ya tafi wani gidan, aka ba Ustaz jagorancin yaƙi da sauro, da umarnin ya fara daga ƙofarsa.