Dakta Sallau Ya Haɗa Lasifika da Kansa

Akwai wani mai maganin gargajiya da ke bin kasuwannin ƙauye da tsohuwar motarsa, sunansa Sallau, amma in ka kira shi haka ba zai waiwayo ba sai ka ce Dakta. Babu wanda ya san makarantar da ta ba shi daktan. Abin da aka sani kawai, da can facin taya yake yi a bakin tasha. Maganinsa guda ɗaya ne tak, wani jan ruwa a jarka mai suna Gagara-Cuta, amma a bakinsa babu ciwon da ba ya kashewa: basir, shawara, taifot, olsa, hawan jini, ciwon gwiwa, har da mantuwa da faɗuwa jarrabawa. Jarinsa na gaskiya kuwa ba jarkar ba ce, lasifikar nan ce da ke ɗaure a saman motar. Ita ke tara masa jama'a, ita ce kuma ta sa kunnensa ya yi nauyi saboda shekarun da ya kwashe yana zaune a ƙarƙashinta. Gagara-Cuta dai bai gyara kunnen ba.

Ana nan sai wani sabon mai magani, yaro ɗanye shataf, ya fara zuwa kasuwar Laraba, wadda ita ce rumbun Dakta. Yaron nan lasifika biyu gare shi, in ya kunna su sai muryar Dakta ta koma kamar kukan sauro. Mutane kuwa, ka san halinmu, inda ƙara ta fi yawa can muke zaton gaskiya take. Kafin ka ce kwabo rabin masu sayen Dakta sun koma can. Abin ya ci masa rai ƙwarai, don in kasuwar nan ta kuɓuce masa, to sai dai ya koma faci.

Sai ya je birni ya sayo sabon rediyon mota, irin wanda ake haɗawa da salula a amsa kira ba tare da an riƙe ta ba, da sabbin sifiku na cikin mota, da na'urar ƙara sauti. Ranar Laraba da sassafe ya tsaya da kayan a rumfar Tanimu mai wayarin.

Tanimu ya juya kayan ya ce, “Dakta, wannan ba aikin tsaye ba ne. Kowace sifika da wayoyinta biyu, ja ya bi ja, baƙi ya bi baƙi. Na cikin mota hanyarsu daban, ta sama hanyarta daban. Sai in sa maka makunni, in an kira ka ka danna, ta sama ta yi shiru, kai kaɗai ka ji kiranka a ciki.”

“Zuwa yaushe ke nan?”

“In Allah ya yarda kafin azahar.”

“Azahar!” Dakta ya dafe ƙirji. “Kafin nan ai yaron nan ya kwashe mini mutane kaf. Ku masu wayarin haka kuke, ku yi ta yawaita wayoyi don a ce kun iya aiki. Ni da jarka ɗaya nake korar cututtukan duniya, sauti ne zai gagare ni? Miƙo mini filaya da salatif.”

Tanimu bai ja da shi ba, ya miƙa masa. Ya dai ce, “To, Allah ya ba da sa'a. Amma don Allah ka gwada makunnin kafin ka tafi.”

“Gwaji na mai shakka ne,” in ji Dakta.

Ya tsuguna a ƙarƙashin sitiyari, ya yi wa wayoyin nan irin haɗin da yake yi wa magani: duk abin da hannu ya kai kansa a zuba. Ja ya auri baƙi, na ciki suka haɗu da na sama, wayar makirfonsa na talla ita ma ta shiga tsakani, ya murɗe su ya naɗe da salatif. Makunnin da ya kamata ya kashe lasifikar sama ya je ya liƙa shi a kan wayar sifikun ciki. Ya kunna tallarsa, ƙara ta tashi har kajin maƙwabta suka watse. Ya dubi Tanimu ya yi dariyar mugunta, ya ja mota.

To, a kasuwa kam an ga aiki. Da Dakta ya rataya makirfo a wuya ya ce “Jama'a salamu alaikum,” har can kara, wajen masu shanu, sai da aka amsa. Lasifikun yaron nan biyu suka zama kamar ba a kunna ba. Mutane suka yi ta kwararowa, suka zagaye motar. A sahun gaba akwai Baba Nomau, wani tsoho mai ciwon gwiwa da ya daɗe yana shan Gagara-Cuta, kullum da kwalbarsa a aljihu, kullum kuma da sandarsa, don gwiwar tana nan yadda take. Dakta ya ji daɗi har cikin ransa. Ya lissafa cututtuka, ya ƙara wasu sababbi da shi kansa bai taɓa jin su ba.

Yana tsakiyar bayani sai salularsa ta yi ƙara. Ya duba ya ga matarsa ce, Ladidi.

Ya ɗaga hannu ya ce, “Jama'a ku yi mini afuwa, wani babban asibiti ne ke neman shawarata.”

Ya shige mota, ya ɗaga gilashi, ya danna makunninsa, ya amsa. Makirfo na nan a wuyansa. Sifikun ciki suka mutu murus, lasifikar sama kuwa ta buɗe baki.

“Malam, kana ji na?” Muryar Ladidi ta karaɗe kasuwa.

Shi kuwa Dakta, da nauyin kunne ga gilashi a rufe, can sama-sama yake jin ta. Ya ce, “Ɗaga murya, ba na jin ki!” Ya kai hannu ya murɗa sautin har ƙarshe.

“Jikin Bashari ne ya yi zafi tun fitarka, har ya yi amai. Na ce ko in tsiyayo masa daga jarkar nan ta bayan ƙofa?”

“Ke! Kina cikin hankalinki kuwa? Ɗan nawa za ki ɗura wa wannan? Kada ki kuskura! Maza ki goya shi ki kai shi asibiti likita ya duba shi.”

“To ai na ji kana cewa yana maganin zazzaɓi.”

“A gida kika ji na faɗa ko a kasuwa? Ba a gabanki nake haɗawa ba? Zoɓo ne da kanwa da ɗan maɗaci. Wane zazzaɓi zoɓo zai kora?”

Wanzami dai ba ya son jarfa. A waje kuwa kasuwa ta yi tsit. Mai nama ya tsaya da wuƙa a hannu, mai awon gero ya manta da tiyar da yake kai. Yaron nan mai lasifika biyu, don tsabar ladabi, ya kashe nasa domin kowa ya ji da kyau.

Ladidi ta ci gaba. “Af, na manta. Mai kyamis ya aiko, ya ce maganin basir ɗinka ya iso.”

“Alhamdu lillahi, don ko zaman motar nan da ƙyar nake yi. Ki karɓo a hanya, ki yar da kwalin, ki tura shi ƙarƙashin katifa kada wani ya gani.”

Wasu masu tausayi suka fara ƙwanƙwasa gilashi suna nuna masa saman mota. Dakta ya dube su ya yi murmushi, ya ɗaga musu hannu.

“Kin ga bayin Allah can har sun ƙosa, gilashi suke bugawa. Bari in je in sallame su tun kafin zoɓon ya yi tsami.”

Ya buɗe ƙofa ya fito yana gyara hula. “To jama'a, an gama da asibiti. Ina muka tsaya?”

Ashe bai kashe kiran ba. Sai ga murya daga saman kansa, tangaram, yadda ko kurma zai ji:

“Malam, ƙarƙashin katifa ka ce ko cikin kwalla?”

Dakta ya ɗaga kai a hankali ya dubi lasifika. Ya sauke ya dubi makirfon da ke wuyansa, sannan ya dubi jama'a. Tsoro da kunya suka haɗu masa wuri ɗaya kamar wayoyinsa. Amma wanda ya saba cin abinci da baki ba ya rasa ta cewa. Ya fizge makirfon, ya haɗa hannuwa.

“Jama'a, don Allah kada ku biye mata. Sabon haɗi ne, wayoyi ne suka cakuɗe. Lasifikar nan yau ba ta da lafiya.”

Baba Nomau ya dogara sandarsa ya matso. Ya zaro kwalbarsa daga aljihu, ya ajiye ta a kan motar a hankali, ya ce:

“Ba ta da lafiya? Ai shekara da shekaru muna sauraron ta, yau ne kaɗai ta tashi garau. Ka faɗa mana abin da ka ba ta, Dakta, don mun san dai ba Gagara-Cuta ba ne.”