Bafil Ba Ya Kiran Sunan Kowa

Jama'a, ku yi min afuwa, yau da hannu kawai zan yi muku magana, don murya ta tafi. Tun safe nake kurɓar ruwan zafi da citta da kanumfari, amma in na buɗe baki sai wani abu ya fito kamar kukan ƙofar langa-langa. Masu zuwa yi min barka da taro suna tambaya ko mura ce, ni kuma ina gyaɗa kai. Ba mura ba ce. Jiya aka yi wunin bikin autarmu Rashida, kuma gara in ba ku labarin da kaina tun kafin matan Madarunfa su kawo muku shi da gishiri.

Masu bin wannan fili sun san tsakanina da maroƙa. Na sha faɗa cewa su suka lalata mana manya. Shekarun baya Mai Girma Sarkin Aza Tubali ya zo garin nan da jerin motoci, ya ce za a kafa mana dogon ƙarfen rezo mai kawo sabis ɗin waya, salula ta riƙa kama duniya ko mutum na cikin rijiya. Aka kafa rumfuna, aka yanka raguna, aka sauko da tubali guda daga bayan mota, an shafe shi da fenti. Sanƙira ya riƙe mikoro yana rantsuwa cewa ga wanda bai taɓa faɗa ya fasa ba. Mai Girma ya ɗora tubali, aka yi tafi, motoci suka juya. Allah ya saka masa da alheri, aikin bai tafi a banza ba, don har gobe awakin unguwa da tubalin nan suke sosa jiki. Tun ran nan na rantse babu maroƙin da zai taka gidana.

To da biki ya matso, mai ɗakina Salamatu ta same ni ina shan fura.

"Malam, na aika ma Yabo mai kalangu can Safo, shi da sanƙiranshi. Ya ce a hwaɗa mishi rana."

"Ba ya zuwa," na ce. "Zamani ya wuce nan. Yanzu kiɗan duniya kaf yana cikin salula. Bafil kawai zan sayo, akwatin sautin nan, a haɗa, ku yi ta rawa har ku gaji."

"To shi bafil ɗin ya san mutane?"

"Wane irin sanin mutane kuma? Kiɗa kuke so, kiɗa za ku samu."

Ta ce, "Ni dai na hwaɗa maka. Shekara da shekaru ina zuwa bikin ɗiyan mutane, ban taɓa ƙin tashi ba. Wanga shi ne nawa na ƙarshe. Kada ka sa a riƙa ba da labarina bakin pampo."

Na ce ta kwantar da hankalinta, tana auren mutum mai ilimin zamani. Wannan magana in na tuna ta yanzu sai in ji kamar in shige ƙarƙashin tabarma.

Na nemi maƙwabcina Kalebu, wanda shi ke kula da kayan sauti a majami'arsu can Maraɗi, ya goya ni a moto muka nufi garin Ɗan Issa. A shagon wani Sadiƙ muka tarar da bafil iri-iri an jera kamar buhunan gero. Akwai mai waya da ampili mai ƙara ƙarfin sauti, wanda sai da kuran, wato wutar lantarki, yake aiki. Akwai ƙarami mai panon sola a bayansa, ya sha rana ya yi waƙa. Akwai kuma wani dogo mai tayoyi, mai batiri, mai bulutus, wato ya kama salula ba tare da waya ba, ga fitilu ja da kore suna zagaya bakinsa.

"Ɗauki mai waya," in ji Kalebu. "Abin da kake gani da ido, in ya tsinke ka ɗaure."

"Alhaji, wa ke waya yanzu?" in ji Sadiƙ. Ya danna dogon, sai wata mata ta yi turanci daga ciki.

Ban taɓa zuwa Makka ba, amma da na ji Alhaji, na kuma ji baturiya ta gaishe ni, sai shawara ta ƙare. Sadiƙ ya cusa wani mikoro cikin kwalin, ya ce kyauta ne. Na ce ni ba maroƙi ba ne, me zan yi da shi? Da muka iso gida na wurga shi ƙarƙashin gado.

Saura abin da za a sa cikin salular, wanda yara ke ce wa aplikasiyon. Nan ma na yi bincike irin na masana. Ɗaya yana da kyau, amma sai ka biya duk wata da katin banki, ni kuwa tsakanina da banki sai gaisuwa daga nesa. Ɗaya ya ce yana da waƙoƙin duniya duka. Na rubuta masa kiɗan kalangu na mata, ya yi ta tunani, ya kawo min wasu turawa masu gashi har kafaɗa. Na uku shi ke da irin namu, kuma kyauta ne, sai dai an ce yakan ɗan sa talla jefi-jefi. Na ce talla ai ba ta kashe kowa. Kalebu ya ce in bari ya zuba min waƙoƙin cikin kart memuwar, ɗan katin nan da ake sokawa a jikin bafil, ko rezo ya ɗauke ba ruwana. Na ce masa wannan komawa baya ne, ni kai tsaye daga sama nake son kiɗana ya riƙa saukowa.

Abin da ban lissafa ba shi ne saman namu na Mai Girma ne. A gidana rezo wuri guda yake sauka, kusurwar katanga ta kudu, gindin darbejiya, shi ma sai ka hau turmi ka ɗaga hannu. Ran biki kuma tun da hantsi Masu Girma Iyayen Haske suka ɗauke kuran, don kada mu saba da jin daɗi ya lalata mu. Na tafi gidan mai neman esansi, wato fetur, in tayar da gurup ɗin Kalebu, injin wutarsa, a cika batiri, na tarar da layi ya kai bakin kasuwa. Uban amarya guda, da babbar riga, riƙe da galan, ina bayan masu kabu-kabu. Wani ya ce, "Baba, ba yau ne bikin ɗiyarka ba?" Na ce yau ne, shi ya sa ka gan ni cikin shagali.

Kowa ya san inda uban amarya yake zama ran wuni. Waje, kan tabarma, cikin dattawa, yana amsa addu'a, kamar ma bai san ana wani abu a cikin gida ba. Amma bulutus ba ya tsallake zaure, rezo kuma yana gindin darbejiya. Saboda haka bayan la'asar, da mata suka cika tsakar gida, ga atamfa ga turare, sai ga ni a tsakiyarsu bisa turmi, hannu a sama kamar mai roƙon ruwa.

Kiɗa ya tashi, 'yan mata suka yi guɗa. Bai yi nisa ba sai ya tsaya cak, wani ɗan zobe ya kama juyawa a fuskar salula. Ya dawo, ya sake tsayawa. Da ya dawo na uku, sai wani ƙato ya fito da murya kamar aradu yana tambayar jama'a ko suna fama da basir. Mata suka rufe baki da gyale. Ban gama neman inda ake kashe shi ba sai kira ya shigo, yayana ne daga garin Sarkin Yamma, kuma ashe duk abin da salula ta ji bafil sai ya faɗa wa unguwa.

"Kai Sama'ila! An dai yanka ragon, ko ka sake yin halin naka?"

Allah ya yi wa Kalebu albarka. Ashe bai ji maganata ba, ya zuba waƙoƙin a katin ya ajiye a aljihu. Ya miƙo min ta kan katanga. Na soka, kiɗa ya zubo tas, babu tsayawa babu basir. Na sauko daga turmi ina gyara hula, na ce to, ilimi ya yi halinsa.

Sai na lura 'yan mata kaɗai ke tsalle. Manyan mata, ƙawayen Salamatu, waɗanda domin su ake taron, suna zaune a kujeru kamar masu jiran likita. Can Hajiya Zulai, babbar ƙawarta, ta miƙe. Ta gyara ɗaurin kallabi, ta fito da sababbin takardun kuɗi na liƙi, ta tako bakin fili ta tsaya. Tana jira. Ni ma ina jira in ga me take jira. Sai a lokacin abin ya faɗo min: babbar mace ba ta faɗawa fili haka kawai kamar an koro ta. Sai an kira ta da sunanta, an ambaci ubanta da garinsu, an gaya wa taro ko ita wace ce, sannan ta shigo tana taku, ta manna wa mai kiran kuɗi a goshi. Bafil yana ta ƙyalƙyala fitilu, bai san Hajiya Zulai ba, goshi ma ba shi da shi.

Ta gaji da tsayuwa, ta mai da kuɗinta jaka. "Salamatu, bari mu kama hanya, Safo da nisa." Biyu suka miƙe tare da ita, wasu suka fara neman takalma.

Na dubi Salamatu. Ba ta harare ni ba, da ma hararar ta yi da na ji sauƙi. Tana tsaye bakin ɗaki da sabon leshinta tana murmushin dole, tana cewa "ku ɗan taɓa abinci mana," idonta ya cika taf. Wallahi tausayinta ya kama ni, kunya kuma ta rufe ni, don ni na jawo mata.

Ban san lokacin da na shiga ɗaki na durƙusa na laluba ƙarƙashin gado ba. Na fito da mikoro, na kaɗe ƙura, na kunna.

"Ina Hajiya Zulai! A dakata mata! Ɗiyar Malam Anas na Safo, jikar masu rumbun da ba a taɓa ganin gindinsa ba! Wadda in ta shigo kasuwa masu atamfa ke miƙewa tsaye!"

Gida ya yi tsit, sai kalangu cikin bafil. Hajiya Zulai ta juyo a hankali. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ajiye jaka, ta ɗaga hannu guda, ta tako. Guɗa ta ɓarke. Ta zo har gabana ta manna min takarda a goshi, gumi ya riƙe ta gam.

Jama'a, ashe zaman da nake yi bakin shago ina sauraron asalin kowa karatu ne ban sani ba. Babu macen da ban san ubanta da kakanta da unguwar da aka haife ta ba. Na kira su ɗaya bayan ɗaya. Har Sakina ta bayan masallaci, wadda ko gishiri aka aika nema sai ta ce yanzu ya ƙare, da bakin nan nawa na ce mata tabkin Madarunfa, kowa ya zo ya ɗiba. Ƙarya ce tsagwaronta, kuma ta fito min sumul ko tuntuɓe ban yi ba. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne daɗin da na ji. Dattawan da na bari a waje suka leƙo ta zaure, suka ga uban amarya da kuɗi manne a fuska, suka koma suna salati.

Da na gama da baƙi, Hajiya Zulai ta ce, "Saura uwar biki." Nan harshena ya yi nauyi, don tun da aka kawo ta gidan nan ban taɓa kiran sunanta gaban mutane ba. Na rufe ido na ce, "Ina Salamatu, wadda ta je bikin kowa! Mai haƙuri da miji mai taurin kai! Yau naki ne, fito!" A duk abin da na faɗa jiya, wannan kaɗai ne babu ƙari a ciki. Ta fito tana rawa tana share ido, mata suka kewaye ta. Ta zo ta danna min dala biyar a goshi da ƙarfin da har yanzu wurin yana zafi, ta ce a hankali, "Yabo ya fi ka murya, amma ka yi." Ba wadda ta tafi sai da aka kira magariba.

Shawarata ga mai son kiɗa a gida: ka sayi bafil ɗin da ka ga dama, ka zuba waƙa a kati, kada ka dogara da saman Mai Girma, kuma kada ka raina abin da aka ba ka kyauta cikin kwali.

Ɗazu ina cikin wannan rubutu wani mai sulɓin kaftani ya yi sallama. Ya ce labarina ya kai inda ya kai. Mai Girma Sarkin Aza Tubali zai dawo ya sake aza tubalin ƙarfen rezo, tunda na farko ya tsufa, kuma ana neman mai riƙe mikoro. Na tattaro ragowar muryata na gaya masa ni mutum ne mai aƙida, ba na roƙo. Har ya kai zaure na kira shi, na tambaye shi sunan kakan Mai Girma da garinsu. Don sani kawai.