Rasuwar Jan Zare, Saura Kwana Uku Wasa

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika fal, ni Lorraine Tibbetts, mai busa algaita a ƙungiyarmu ta mutum uku, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar Jan Zare, ɗan bakin karan da nake sawa a kan algaitata in busa. Ya rasu da safiyar yau Alhamis, ƙarfe tara da kwata, a kan teburin kicin ɗina, yana da kwana goma sha tara a duniya. Ranar Lahadi da ƙarfe huɗu ne wasan kiɗanmu na bazara, a tsohuwar bargar dawakin nan ta bakin tafki, kuma an riga an jera kujeru ɗari da ashirin.

An haifi marigayi daga ɓarin kara guda. Ni na lanƙwasa shi biyu, na ɗaure shi da jan zare, na yi kwana huɗu ina kankare shi da wuƙa har bakinsa ya fi bawon albasa sirantaka. Ranar da na fara busa shi shi kaɗai, ya yi wata 'yar cara, "kirrr", tas da ita, sai da na nemi kujera na zauna. Shekara arba'in da ɗaya ina wannan aiki, irinsa ba su fi biyar ba.

Mai ladabi ne. In ka ce ya yi ƙasa-ƙasa, zai yi raɗa har na kujerar ƙarshe ya ji. Bai taɓa yi mini gardama da safe ba, bai taɓa tsandara ihu a gaban baƙi ba. Wanka na minti biyu a ɗan kofin ruwa, shi ke nan buƙatarsa. Ranar da na kai shi wurin gwaji, Wendell mai sarewa ya sauke sarewarsa ya dube ni.

"Lorraine, wa kika yi wa sata? Wannan muryar ba taki ba ce."

Doreen, mai busa doguwar algaitarmu mai kaurin murya, ta ce, "Rabu da shi, 'yar'uwa, baƙin ciki yake. Mutumin da sana'arsa hura bakin kwalba, me ya sani?" Sannan ta nuna ni da yatsa. "Ke kuma na san halinki. Ki rantse ba za ki sake taɓa shi da wuƙa ba."

Na rantse, har da ɗaga hannu.

Ciwon ajali ya soma ne jiya Laraba, da iska ta yi nauyi, gumi ya sauko gari. Marigayi ya ɗan kumbura, ya ɗan yi tauri. Ɗan kaɗan fa. Duk mai hankali zai mayar da shi akwati ya jira gari ya bushe. Amma wane mai busa algaita ne ke da hankali in ya ga wuƙa a kusa? Na ce sau ɗaya tak zan shafa masa, a gefen hagu, abin da bai kai ƙura ba. Wuƙa ta tafi da kusurwar bakinsa ɗungurungum.

An yi duk abin da za a iya. Na datse bakin, na jiƙa shi, na lallashe shi, na kira shi da sunaye masu daɗi. Da na busa, ya ce "fff". Na sake busawa, ya ce "kik". Daga nan bai ƙara cewa komai ba.

Ya bar 'yan'uwa goma sha ɗaya a akwati, kuma Allah na gani, babu na kirki ko ɗaya. Akwai Shuɗin Zare, mai kukan agwagwa. Akwai Baƙin Zare, wanda in ka busa shi minti biyar sai ka ga taurari da rana tsaka. Akwai Rawaya, da ba ya magana sai ana ruwan sama. Sauran ban ma ba su suna ba. Kiɗanmu na biyu ranar Lahadi ni kaɗai nake buɗe shi, a hankali, da murya can ƙasa, Wendell da Doreen suna jira, jama'a sun daina fifita da takarda. Da wanne daga cikin waɗannan marasa kunya zan buɗe baki?

Na san za a ce in zauna in fere wani. To, tunda sanarwar mutuwa ba wurin ƙarya ba ce, Wendell, Doreen, ku ji abin da na ɓoye muku. Ba wuƙa ce ta zame ba. Hannuna na dama ne. Tun hunturun bara yake rawa, likita ya rubuta mini sunan abin, na ninke takardar na tura ƙarƙashin akwatin kara. In ina busa ba a gani, domin yatsu na da wurin dafawa. Wuƙa ce ke tona mini asiri. Tun watan Afrilu na ɗaure guda arba'in, Jan Zare kaɗai ya fito na kirki, shi ma sa'a ce. Tsoro nake ji, wallahi tsoro nake ji, kada ya zama shi ne autana.

Za a yi jana'iza gobe Juma'a da ƙarfe goma na safe, a bayan gidana, gindin tumatir. An yi masa makara da kwalin ashana. Doreen, an yafe miki faɗin "ai na gaya miki" sau ɗaya, kada ki ƙara. Wendell, kada ka zo da sarewa.

Ba a buƙatar furanni, kada kuma a kawo mini taliyar nan ta ta'aziyya, firji ya cika. Bayan an binne shi za a zauna a kicin. Na jiƙa kara shida, na wasa wuƙa. Shekara arba'in da ɗaya ban bar wani mahaluki ya taɓa mini wuƙar nan ba, har mijina Allah ya jiƙansa. Duk wanda ya san hannunsa ba ya rawa, don Allah ya zo da shi. Zan zauna kusa da shi in nuna masa inda zai kankare.

Mai makoki,
Lorraine Tibbetts